Tambaya ta Sha Bakwai

Na zo da takarda mai gida-gida,
da biro cikin jakar hannu,
an aiko ni ƙirgar masu haya
daga Kurna har ƙarshen kwalta.

Malam Ilu mai gyaran agogo
ya shimfiɗa min buhu a ƙofa.
Na ce, "Nawa ne kuɗin ɗaki?"
Ya ce, "Na bana ko na bara?
Rubuta da fensir, 'yata,
dillali bai rufe baki ba."

A Fagge aka binne cibiyarsa.
Da ƙafa yake zuwa rumfa,
har ya dawo gida cin na rana.
Mai gida ya rasu, magada suka zo
da mai awo da jan fenti.
Yau bene ne hawa uku,
kan rijiyarsu ake sayar da waya.

Ya koma Kurna, Kurna ta yi tsada.
Ya matsa Rijiyar Lemo,
ya sake matsawa Bachirawa.
"Gari na sheƙe mu a faifai,
tsaba ta zauna a tsakiya,
mu ƙaiƙayi muna bakin gefe."

Tambaya ta sha bakwai ta ce:
minti nawa zuwa wurin aiki?
Gurbin amsar ɗan mitsitsi ne,
lamba biyu kawai yake ci.

Ya ce, "Adaidaita biyu, in an dace.
In ruwa ya sauka, ba mai shigo mana,
sai ka naɗe wando ka bi jikin katanga.
Abin da na rage a haya
shi nake zubawa a taya.
Mansura Litinin da Laraba
take zuwa makaranta,
sauran kwanakin tara kuɗin mota ake.
Ni mai gyaran agogo,
kullum ni ne makararre."

Na rubuta casa'in.
Ban san inda zan sa sauran ba.

A ofis, ƙarƙashin fanka,
an manna taswirar birni a bango.
Malam Ilu ya zama jan ɗigo
can gefe, kusa da ƙusa.
Oga ya ce aikin ya yi kyau.

Magariba ta same ni a 'Yankura,
ina ɗaga hannu, suna wucewa a cike.
A jakata akwai takardar mai gidanmu,
wa'adin wata uku,
da fom guda da ya rage.
Na laluba, ban zo da fensir ba.