Matakala Ɗari da Sittin

Asabar ce a Valparaíso.
Gidaje sun maƙale a jikin tsauni,
shuɗi, ja, ruwan ɗorawa,
kamar shanyar da aka manta a igiya.
Ina gindin matakala,
takardun bishara a aljihun kwat,
gumi ya jiƙa ta saman.

Ɗari da sittin ne. Na ƙirga su
tun ina hawa da rarrafe, kwalba a hammata.
Unguwar nan ta san daren da Fresia ta kulle ni a waje,
na kwana rungume da karen maƙwabta.
Yau na zo da sunan Yesu a baki,
bakin da suka sani.

A mataki na arba'in tsoro ya tare ni.
Ba ƙaho, ba wuƙa,
muryata gare shi, mai taushi:
"Nolberto, gwiwarka na ciwo.
Addu'a daga gida ma tana isa sama.
Me zai kai tsohon ɗan dako ƙofar mutane
a yi masa dariya ta bayan labule?"
Na ce ya matsa. Bai matsa ba.
Sai muka hau tare.

A na casa'in ɗan'uwansa na zaune,
ya sha wanka, ya fi shi fara'a.
Shi ya sa na sayi ɗan littafi bara
ina rubuta sunayen waɗanda "na kawo":
mutum uku, kowanne da layi a ƙarƙashi,
kamar masunci na auna kamun safiya.
Ran da fasto ya ambace ni a gaban jama'a
na sunkuyar da kai don a ga na sunkuyar.
Sai tsohuwa Ercilia ta fasa ƙwai:
"Ɗana, wa'azinka tsawo gare shi.
Miyar da matarka ta kawo mini ina zazzaɓi,
ita ta ja ni majami'a."
Kwana uku ina fushi da miya.

Ashe uwarsu ɗaya, tsoro da girman kai.
Fuskata suke gadi,
ba ruwansu da gicciye.

Ɗari da sittin. Koren ƙyaure.
Heriberto, wanda muka shekara ashirin
muna sauke buhunan jirgi kafaɗa da kafaɗa.
Sau huɗu ya rufe mini ƙofar nan.
Na biyar ya ce, "Waliyyin mashaya ya iso,"
jikokinsa suka ɗauka suna tafi.

Na ƙwanƙwasa. Hannuna na rawa, na bar shi ya yi.

Ya leƙo, ya dubi aljihuna, ya ja tsaki.
"Takardarka ba ta toshe yoyo.
Iskar jiya ta ɗage mini kwano.
Tunda ka zo, riƙe mini tsani."

Na riƙe.
Awa biyu tsatsa na zubo mini a ido,
yana buga ƙusa yana zagin tsadar ƙusa,
jirage na kuka can ƙasa.
Da ya sauko na ce, "Yesu bai gaji da kai ba.
Ni shaida ne, bai gaji da ni ba."
Iyakar abin da ya fito ke nan.
Ya ce, "Ka fara." Ya tura ƙyaure.
Ban ji ƙarar sakata ba,
amma ba zan rantse ba, kunnena ya tsufa.

Ya Ubangiji, yau ba abin rubutawa.
Littafin ma Fresia na lissafin cefane a bayansa.
Iri naka, ƙasa taka, ruwa naka,
ni ƙafa ka ba ni, ita ma da ciwo.
Tsoron, ka bar shi in zai sa na jingina da kai.
Ɗayan kuwa ka sare shi kullum, tohowa yake.

Na sauka ina dafa bango.
Akwai sauran kwano ɗaya a rufin can,
na gan shi yana lilo.
Sai Asabar.