Dangwalen Barau

Da hantsi inuwarsa takan tsallako titi
ta zauna ƙarƙashin lemata,
inda nake cire wa mutane kuɗi da 'yar na'ura
wadda ba ta fi tafin hannu ba.
Shi kuwa ga shi can, tsohon banki,
ya yi zaman dirshan a hanyar Wunti
kamar dattijon da ya sallami baƙi
bai tashi daga tabarma ba.

Ginshiƙi shida ne a baranda.
Bakwai mai zane ya so,
ƙasa ta ƙi, aka bar mata.
Tsakaninsu bakan gizo na dutse,
kowane da dutse guda a ƙeya
wanda in ka zare shi, 'yan'uwansa su biyo shi.
Kaurin bango kamu biyu har da ɗani.
Zafin bazara yakan yi sallama a bakin ƙofa,
ya gaji da jira, ya koma.

Tagogi an ɗaga su inda wuyan ɓarawo ba ya kai,
sandunan ƙarfe a jere kamar haƙoran mataji.
Kantar maɗaci ce a ciki,
gwiwar hannun 'yan auduga da fataken fata
ta cinye gefenta har ya yi kwari.
Ƙofar taska, wadda ƙarti goma sha biyu
suka sauke daga mota da nishi da salati,
yanzu a sake take. Me za ta tsare?
Jemagu ke ajiya, gizo-gizo ke riƙe littafi.
Agogon bango ya tsaya a biyu saura kwata
tun ban san ciwon kaina ba.

Bara waccan aka zo da allon tagulla
aka kafa a gefen matakala:
kada a fasa, kada a ƙara, kada a zare ko tsakuwa.
Sunan mai zane na nan,
da shekara, da wanda ya yanke ƙyalle.
Na karanta sau uku.
Babu Barau.

Barau kakana ne.
Shi ya hura wa Dutsen Tanshi wuta,
ya watsa masa ruwa har ya tsage,
ya sassaƙe, ya ɗauko a ka bisa gammo,
sisi a yini, wani yinin alkawari.
Bai taɓa taka matakalar gaba ba.
Asusunsa tulu ne a ƙarƙashin gado.

Ina shekara bakwai ya ja ni bayan ginin,
ƙarƙashin indararo na uku,
ya kama ɗan yatsana ya sa a wani gurbi
tsakanin dutse da dutse.
Ya ce, "A ciki, wanda bai iya sa hannu ba
dangwale yake yi kafin a ba shi nasa.
To ni na dangwala tun siminti na ɗanye.
Ban dai karɓa ba tukuna."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yau sabis ya ɗauke tun azahar.
Layi ya yi tsawo, tsaki ya yi yawa,
kowa na kallon waya kamar mai duban wata.
Na bar lema, na zagaya ta lungu,
na ture ciyawa da ledar ruwa.
Yana nan.
Damina sittin da wani abu ta ɗan lashe bakinsa,
amma babban yatsana ya cika shi cif,
ba ragi, ba ƙari.

Ashe dokar da ta hana taɓa dutse
ta lulluɓe har da shi, ba ta sani ba.

Na daɗe a tsugune.
Dutsen da sanyi, kamar randa.
Can sai Ladiyo mai awara ta ƙwala mini kira:
"Kai, taho, sabis ya dawo!"