Takardar Rahoton Shekara

Daga ofishin mishan na Dhaka aka aiko ta,
layi-layi, gurbi-gurbi, a cike kafin Kirsimeti.
Sai da na shanya ta kan murfin tukunya,
don ta jiƙe a jakar mai kwale-kwale.

Gurbin farko: masu sujada nawa?
Bara sittin da uku.
Bana, in na haɗa da jaririn Shefali
da tsoho Jogesh mai gyangyaɗi tun addu'ar buɗewa,
ashirin da takwas.
Ba ridda suka yi ba, ba kuma fushi.
Gishiri ne ya shigo gonakin shinkafa
kamar baƙon da aka ba tabarma ya miƙe ƙafa,
sai suka ɗaure kwanuka a zane,
suka bi jirgin dare zuwa Khulna.
Maza na tuƙa keken haya,
mata na ɓare jatan lande har yatsu su tsage.

Gurbi na biyu: halin da ginin coci ke ciki.
Wanne?
Na farkon yana ƙarƙashin kogi,
masunta kan rage murya in sun zo ta kansa.
Na biyun guguwa ta yaye masa rufi,
muka tsinci fallen kwano rataye a bishiyar kwakwa.
Na ukun yana tsaye bisa ƙafafun gora
kamar zalɓe mai jiran labari.

Gurbi na uku: baftisma.
Biyu. A kududdufin bayan makaranta.
Da na ɗago Monika daga ruwa
ba ta ce amin ba, cewa ta yi, "Fasto, yana cin ido."
Ni da na sauko daga duwatsun arewa
da bisharar ruwan rai a bakina,
kowace safiya mata na tsaye ƙofata da tuluna,
tambayarsu ɗaya: ina na sha?

Wani yaro ya tare ni ranar Lahadi:
"Ba ka ce bakan gizo alkawari ba ne?"
Na buɗe baki, na rufe.
Makarantar da ta horar da ni ba ta kawo wannan a jarrabawa ba.

Babu gurbin daren da madatsa ta fashe.
Mutum ɗari da wani abu a ɗaki guda,
har awaki huɗu, har keken ɗinkin Shefali.
Mofizul ladan ya riƙe fitila,
matar Nitai ta rungume gunkinta a ƙirji,
ni ina ƙirga yara, in sake ƙirgawa.
Kowa ya kira sunan da ya iya kira.
Ruwa ya tsaya a matakala ta biyar.

Babu gurbin Horidasi.
Ta cika bayan kwana tara, maƙabartarmu tana cikin ruwa,
in ka haƙa taƙi ɗaya sai rami ya cika.
Mofizul ya zo ba sallama mai tsawo,
ya nuna tudun bayan ɗakinsa, inda yake ɗaure saniya,
ya ce, "Ƙasa ba ta tambaya."
A wane layi zan rubuta wannan?

Gurbin ƙarshe: buƙatu.
Tankin tarar ruwan sama.
Irin shinkafar da ba ta tsoron gishiri.
Igiyar ƙararrawa, tamu ta ruɓe.
Ku kuma gaya wa masu aiko mana sadaka daga nesa
mun gode da barguna,
amma an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka,
a nan mun ga akasin haka:
hayaƙin ba daga murhun Horidasi ya tashi ba.

Na sa hannu, Probir Chisim.
Tawada ta ɗan watse, ku yi haƙuri.
Zan ba mai kwale-kwale gobe,
in ruwa ya bar mana mashigi.