Baƙon Lahadi

Ƙarfe goma na dare nake rufe shago,
in bar agogunan mutane suna gardama a bango,
kowanne da nasa lokacin, babu mai sauraron wani.
Daga kan tudunmu Valparaíso ta zuba fitilu har bakin teku.
Sai in ɗora shayi, in goge tabarau,
in buga kalmar sirrin da Baltasar ya rubuta mini
a bayan takardar kuɗin wuta.

Shi ya kama mini gurbin a intanet, ɗan ƙanwata ne,
peso dubu huɗu a wata, kamar hayar rumfa,
sai dai wannan rumfar ba ta yoyo.
Ya ce, Kawu Evaristo, danna nan,
za ka ga duk wanda ya tako.

Suna fitowa kuwa, a jere.
Yau goma sha bakwai. Jiya tara.
Ranar da ƙasa ta ɗan girgiza, biyu.
Shida daga Santiago, masu tayi da ido,
su leƙa farashi su fice cikin daƙiƙa ashirin
ko sallama babu.
Wasu, in ji yaron, ba ma mutane ba ne,
na'urori ne masu bin gida-gida suna ƙirga ƙofofi.
To, su ma sannunsu da zuwa.

Amma can ƙasan jadawalin akwai layi guda,
'yar tuta ja mai gicciye shuɗi.
Tromsø. Mutum ɗaya.
Kowace Lahadi, biyar na yammarmu,
lokacin da can dare ya riga ya raba gari da mutane.
Wa zai aiko agogo daga wancan ƙarshen duniya
zuwa wannan ƙarshen
don kawai a ɗiga masa mai?

Shekara shida ke nan da tafiyar Leonor.
Na faɗi wata magana a bakin ƙofa
tana riƙe da akwati.
Magana zarar bunu.
Ni da ke mayar da hannun agogo baya da ɗan yatsa ɗaya,
wannan ta gagare ni.

Alƙaluma ba su san suna ba.
Ba sa cewa ta rame, ko ta yanke gashi,
ko tana da rigar sanyi mai kauri.
Abin da suka iya ke nan:
shafi uku, minti biyu, wayar hannu.
Ina karantawa kamar wasiƙa,
in sake komowa farko.

Wata Juma'a na ɗauki hoton itacen lemon tsami
da uwarta ta dasa a tsakar gida,
na saka shi tsakanin agogon aljihu da agogon bango,
ban rubuta farashi ba.
Baltasar ya ce zan rikita masu saye.
Na ce su rikice.

Lahadi ta zo.
Tromsø. Mutum ɗaya.
Minti goma sha ɗaya.

Na gwada da kaina, agogo a tafin hannu,
na zauna gaban hoton minti goma sha ɗaya cif.
Shayi yana hucewa a ciki.
Mutum yana iya ƙirga 'ya'yan lemon duka,
ya gano tsagar da ke jikin garu,
ya tuna wanda ya faɗo daga reshen hagu yana shekara bakwai.

Yaron ya ce kada in sa rai.
Ƙila wani matuƙin jirgin ruwa ne mai son tsofaffin kaya,
ƙila an ajiye wayar ne aka tafi ɗora tukunya.
Ƙila.
In haka ne, wani baƙo a cikin ƙanƙara ya ga lemona,
ban yi asara ba.

Wannan makon hoton ƙofar na saka,
ƙofar nan dai, da shuɗin fentinta da ya ɓare.
Na tokare ta da dutse kafin in ɗauka.

Yau Alhamis.