Littafin Maki

Ni ba na cikin biyar ɗin da ke shiga fili.
Gwiwata ta juya mini baya tun shekarar farko,
sai Koci Azhari ya miƙo littafi da biro,
ya ce, "Zauna nan, Tijjani, ka ƙirga mana."
Na zauna. Na ƙirga.

Filinmu a Wad Madani siminti ne mai tsaga.
Kwando ɗaya ya sunkuya kamar mai neman gafara
tun ranar da Kuku ya yi lilo a jikinsa.
Raga kuwa igiyar buhun auduga ce,
Mujtaba ya saƙa ta a ɗakin kwanan ɗalibai,
an ɗauke wuta, tocila a bakinsa.

Wasan farko 'yan Sinnar suka yi mana wanka,
sittin da takwas da arba'in da ɗaya.
Na rubuta da ƙananan lambobi
don kada shafin ya ji kunya.

Daga ranar Koci ya daina ihu.
Bayan asuba, kafin rana ta taka kogi,
jifa ɗari biyu kowa,
wanda ya ɓarar da goma a jere shi zai sayi ful.
Bashari ya ciyar da mu mako uku
kafin hannunsa ya gane hanya.

Sai littafin ya fara nauyi.
Hasahisa, da tazarar tara.
Kosti, da biyu kacal, ana jifanmu da ɓawon gyaɗa.
A hanyar Gadarif bas ta mutu,
muka tura ta, dogaye goma sha ɗaya da mai ɗingishi ɗaya,
muka isa da baƙin mai har gwiwar hannu,
muka ci wasan ba mu ko wanke ba.

Attahiru ɗan Mai Wurno, gajeren cikinmu,
yana raba ƙwallo yadda uwa ke raba tuwo:
ta san wanda bai samu ba.
In zai ruɗa abokan karawa sai ya kira da Hausa,
"Kuku, ta ƙofar baya!"
Kuku ɗan duwatsun Nuba ne, iyakar Hausarsa ke nan,
sai "kawo", sai "yunwa".

Ranar ƙarshe Sinnar suka dawo.
Masu shayi sun bar garwashi yana cin kansa,
malamin lissafi da bai taɓa gaishe mu ba
yana kan benci da takalmi a hannu.
Saura daƙiƙa huɗu, sun fi mu da ɗaya,
aka doki hannun Bashari. Usur.
Jifa biyu, a kwandon nan mai sunkuyo.

Ta farko ta wuce ba ta taɓa ƙarfe ba.
Ta biyu ta hau baki, ta zagaya,
ta tsaya tana shawara
kamar baƙon da bai tabbata nan ne gidan ba,
sai karkatar ƙarfen ta ce mata:
bismilla, shigo.

Jifan Sinnar na ƙarshe darbejiya ce ta cafe shi.

Ban rubuta komai ba.
Biro ya ɓace a ƙarƙashin ƙafafu,
ni kuma, da gwiwar da likita ya ce in lallaɓa,
an ce an gan ni a wuyan Kuku.

Kofin bai kai butar shayi ba.
Mun zuba karkade a ciki, ya zaga bakin kowa,
mun ci agashe bashi a bakin kogi
har mai gashin ya ce ya yafe rabi.

Da safe shugaban kwaleji ya aiko mai walda
ya miƙe mana kwando, tukwici.
Mu goma sha biyu muka tsaya a gindinsa
har mutumin ya naɗe wayarsa ya tafi.

Shafin ƙarshe yana nan fari.
Ɗigon karkade ne kawai a inda maki zai zauna.