Ƙarangiya a Ikko

Tun da asuba Jatau ya kwance buhu
a rumfar kwano, bayan Alaba Rago.
Ulun rago ya zubo curi guda,
da warin maiƙo da na tsohon garke.
Ya ce, "Ilu, shimfiɗa shi kamar buzu,
wuya gabas, bindi yamma.
Ka san kan abu kafin ka sa masa hannu."

Muka ɗora shi bisa ragar waya.
Na girgiza, ƙasa ta zubo,
ja wur, ba irin ta bakin teku ba.

Na ciki, a yar.
Na ƙafafu, a yar.
Na gindin bindi, mai kashi a daskare
kamar 'ya'yan kurna, almakashi ya ci shi.
Inda makiyayi ya goga fenti don shaida,
rini ba ya kama nan, shi ma a yar.
Na dubi kwandon shara na ce asara.
Ya ce, "Injin masaƙa bai san haƙuri ba,
tsinke ɗaya ya isa ya tsinka zare."

Ya zaro sili, ya kai kusa da kunne,
ya ɗana shi da yatsa kamar tsirkiya.
In ya yi amo, ragon ya ƙoshi.
In ya katse a tsaka,
nan ne watan da rijiya ta ƙafe.

Sai ga ruwa, ruwan Ikko mara sallama.
Muka ja leda, muka tare ɗigon kwano da bokiti,
don Iya Adunni ta wurin awo a Ikeja
hannu take zurawa har gwiwa cikin buhu,
ta ji laima kaɗan, ta ce a koma da shi.

Ina tsinta ina tsinta, wani abu ya soke ni.
Ƙarangiya ce, a maƙale can cikin kafaɗa,
ta hau tirela kwana uku ba ta biya ko sisi ba.
Ni shekara shida rabona da inda take tsirowa.
Na tsotse jinin da ke yatsana.

Jatau ya ce, "Me ka tsaya kallo? Yar da ita."
Na ce to.
Na buɗe kwalin ashana, na kwantar da ita,
direba kuma yana ta danna mana ham a waje.