Inda Hannu Ba Ya Kai

Shekara uku ina zana jiragen ruwa a Busan,
ban taɓa shaƙar warin ƙarfe mai zafi ba.
A kwamfuta layi ba shi da nauyi,
ka ja shi ya biyo ka, ba gardama.

Sai jami'a ta tura mu Geoje, mu shida,
wata huɗu, da hular kwano da littafin sa hannu.
Hular ta fi kaina girma.
Na cusa mata hankici, ta zauna.

Aka ba ni zanen haƙarƙarin jirgi,
can ƙasa, inda teku ke jingina da bango.
Kwana tara ina lissafi,
lambobi suka jeru tsaf kamar haƙoran matsefi.
Na kai wa Pyo Man-su mai walda,
da ya shekara talatin da ɗaya yana ɗinke ƙarfe da wuta.

Ya duba. Ya juya takardar. Ya sake dubawa.
Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba.
Ya miƙo mini safar hannunsa mai ƙonannen yatsa:
"Da-on, biyo ni."

Muka shiga ta wata kafa da ba ta fi bakin tukunya ba,
da rarrafe, tocila a baki,
numfashina yana dawo mini da ɗumi.
Guduma na duka daga sama,
ƙarar tana shiga ta haƙori.
A ɗaki na bakwai ya haska wani lungu:
"Ga inda kika ce a yi walda. Taɓa."

Na miƙa hannu, ya tsaya.
Na kwanta ta gefe, na murɗa kafaɗa, na ƙara miƙawa.
Tsakanin yatsana da lissafin da nake taƙama da shi
saura taƙi guda na duhu.

"Ni ma nawa ba ya kai," in ji shi,
"ga shi ya fi naki tsawo.
Mai zane yana gida yana barci
ranar da mai walda zai gaji ya ce ya yi.
Teku ba ta karanta takarda, yarinya,
inda aka yi mata ƙarya take lalube."

Da rana a ɗakin cin abinci
ya turo mini miyar kabeji mai yaji.
Cokali ya ƙi zama a hannuna, sai rawa.
Ya yi kamar bai gani ba,
ya shiga labarin jikarsa da ta ƙi cin kifi.

Na koma na rushe kwana tara.
Na matsar da ƙarfen, na buɗe wa hannu hanya.
Nauyi ya ƙaru da kilo goma sha ɗaya.
Injiniya Ok ta yi tsaki, ta lissafa kuɗin sau biyu,
ta sa hannu ba ta dube ni ba.

Ranar Alhamis Farfesa Byeon ta zo da takardar tambayoyi.
"Wace ƙwarewa kika samu?"
Layi biyu kawai aka bari.
Na daɗe ina kallonsu,
na rubuta: tsawon hannun mutum.
Ta ɗaga gira, ta ninke takardar, ta sa a jaka.

Ban ga saukar jirgin cikin ruwa ba,
ina ɗakin jarrabawa a ranar.
Da dare hoto ya shigo wayata, ba ko kalma:
lungun nan, ɗinkin wuta ya kwanta sumul
tun daga farko har ƙurya.

Yanzu kafin in ja kowane layi
sai na zura hannu ƙarƙashin tebur, in ga iyakarsa.
'Yan ajinmu sun ɗauka biro na yar.